Tayar da Tsohon Injin Yankan Itace: Tambayoyi da Amsoshi

Na samu injin yankan itace mai sarƙa da ya shekara a ajiye, ba ya tashi. Ta ina zan fara?

Kada ka sayi komai tukuna. Kwance salansa, ka haska tocila ta ramin da hayaƙi ke fita, kana jan igiya a hankali. Idan fistin ɗin sumul yake, akwai rai a injin. Idan ka ga zane-zane masu zurfi daga sama zuwa ƙasa, kamar an karce shi da ƙusa, ya taɓa ƙonewa, kuma sai an canza fistin, wani lokaci har da silinda. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne a karon farko.

Akwai wani gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. Riƙe hannun igiyar ka saki injin. Mai ƙarfin matsi zai tsaya ko ya sauka yana tirjiya, wanda ringinsa ya mutu kuwa zai zube nan take. Idan kana da ma'aunin matsi, abin da bai kai 100 psi ba da wuya ya tashi.

Matsi lafiya lau. Sai me?

Wuta. Cire fulogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin silinda, ka ja igiya. Tartsatsi shuɗi kake nema. Giɓin bakin fulogi 0.5 mm ne, kuma NGK BPMR7A na shiga injinan Stihl da Husqvarna da dama. In babu wuta ko da sabon fulogi, zare wayar makunni daga jikin kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ka sake gwadawa, domin sau da yawa wayar ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Tazarar kwayil da fulawil (faifan da igiya ke juyawa) kuwa 0.2 zuwa 0.3 mm ce, kaurin katin waya na takarda.

Akwai wuta, amma har yanzu shiru.

To, mai ne, kuma nan ne ciwon yawancin injinan da suka daɗe a ajiye. Zuba kamar rabin ƙaramin cokali na haɗaɗɗen fetur ta ramin fulogi, ka ɗaure, ka ja. Idan ya yi gurnani na daƙiƙa biyu ya mutu, ka kama ɓarawon.

Tsohon fetur yana bushewa ya bar danƙo mai warin fenti. Zubar da shi, ka ɗauraye tanki da sabo. Lanƙwasa waya ka zaro filtar da ke lilo a cikin tankin, ka canza ta. Tiyon mai kuma, lanƙwasa shi da yatsa, in ya tsage ko ya yi laushi kamar cingam, ya gama aiki.

Kaburetar wannan inji ba irin ta babur ba ce. Ba ta da kofin mai, wasu 'yan faya-fayen roba ne ke harba man, shi ya sa injin ke aiki ko a kife. Sabuwar roba laushi gare ta, tsohuwa kuwa tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, kuma wanki ba ya dawo da ita. Duba jikin kaburetar za ka ga suna da lamba, Walbro, Zama ko Tillotson, da su za ka sayi kit ɗinta, wato sababbin robobi da gasket. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka ɗaga kowane faifai, don juya jerin roba da gasket kuskure ne da kusan kowane sabon hannu ke yi. Kada ka zura allura a ƙananan ramukan, fesa musu maganin wanke kabureta kawai.

Sukurorin L da H na jikin kabureta fa?

Ɗaure kowanne a hankali har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, sannan ka sassauta shi zagaye ɗaya. Daga nan ake fara saiti. L na ƙaramin gudu ne, H na cikakken gudu. Hattara da H. Idan ka matse shi, injin zai yi ƙara mai daɗin ji, amma yunwar mai yake yi, kuma haka fistin ke ƙonewa. Injin da ke hawa gudu da kansa kuma ya ƙi saiti, iska yake sha ta sil ɗin kiranshaf ko ta robar da ke tsakanin kabureta da silinda. Kashe shi.

Nawa ake haɗa mai?

Kamar ƙaramin janareta yake, a cikin fetur yake samun man da ke shafe shi. Stihl da Husqvarna sun ce 50:1 da man 2T mai kyau, wato mililita 100 a lita 5. Tsofaffin injina da dama an rubuta musu 25:1, mililita 200 ke nan. Auna, kada ka kintata da ido.

Ya tashi! In fara yanka?

Saurara. Ɗaga bakinsa kusa da kwali ka ba shi wuta, ya kamata ka ga feshin man sarƙa. Ƙonannen baƙin mai na mota yana cinye famfon man sarƙar, bar shi. A gudun zaman banza kada sarƙa ta motsa, in tana tafiya rage sukurun gudun zaman banza, wanda aka rubuta wa LA ko T, in ta ƙi, sifirin kuloci ya saki. Gwada birkin sarƙa. Tsofaffi irin Stihl 070, wanda masu tsaga katako a Najeriya da Gana suka sani sarai, yawanci ba su da birkin, kuma idan ƙarshen takobin, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, ya taɓa itace yakan yi tsalle ya nufo fuska. Irin wannan ba da shi ake koyon yanka ba.