Zauren Muhawara a Bauchi: Yaya Ake Tattauna Manyan Batutuwa Ba a Watse Baram-Baram Ba?

Zaman muhawarar marubuta da masana sabon abu ne a Bauchi?

Ko kaɗan. A farkon shekarun 1940 akwai zauren tattaunawa a garin nan da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ke halarta. Sun taɓo mulkin En'e da yadda Turawa ke tafiyar da ƙasa ta hannun sarakuna, maganar da a wancan zamani ba kowa ke iya buɗe baki a kanta ba. Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya zuba irin wannan tambaya a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. A 1950 Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyaran En'e a Majalisar Arewa, Aminu Kano kuwa daga baya ya zama jagoran jam'iyyar NEPU. Ra'ayinsu ya sha bamban ƙwarai, amma sun zauna wuri ɗaya sun saurari juna.

Me ya raba zaman muhawara da hirar majalisa ko ta teburin mai shayi?

Rubutu. Mai gabatarwa zai rubuta matsayinsa a shafi 3 zuwa 5, a tura ta WhatsApp mako guda kafin zama, kowa ya zo ya riga ya karanta. In babu takarda, duk wanda ya fi murya shi ke cin muhawara.

Wane irin maudu'i ya dace?

Wanda aka tsuke shi ya zama tambaya. "Matsalar almajirci" ta yi faɗi. Za a yini ana zagaye. Amma "Wa ya kamata ya ciyar da almajiri: iyaye, malami ko unguwa?" tana tilasta wa kowa ya ɗauki matsayi ya kare shi. Haka batun lefe, mutuwar aure, manoma da makiyaya, da wayar hannu a hannun yara. A guji tambayar da amsarta ke cikinta, irin "Me ya sa matasan yanzu suka lalace?", domin an yanke hukunci tun kafin a zauna.

Mutum nawa, kuma tsawon wane lokaci?

Mutum 12 zuwa 20 sun isa. Bayan La'asar zuwa gab da Magariba ana samun kamar minti 90: mai gabatarwa ya ɗauki 15, mai sharhi da aka zaɓa tun farko don ya ƙalubalance shi ya ɗauki 10, sauran kowa minti 3, a bar 10 na ƙarshe mai gabatarwa ya mayar da amsa. Magatakarda ya rubuta hujjoji, ba sunan wanda ya faɗa ba.

Ina aka fi samun matsala?

Wurin girmamawa, kuma a nan zaure da yawa ke mutuwa a tsaye. In farfesa ko liman ko mai sarauta ya fara magana, ɗalibi ba zai ce "Allah gafarta Malam, ban yarda ba" a gaban jama'a ba; kara ba za ta bar shi ba. Maganin shi ne shugaban zama ya fara ba ƙanana dama, manya su zo daga baya. Wannan bai rage musu daraja ba, al'ada ma ta san babba shi ke rufe magana.

Sai wurin zama. Zauren gidan wani ko dakalin ƙofar gida yana kore mata kai tsaye, alhali ana maganar aure da saki. Aji a makaranta ko ɗakin karatu ya fi.

Kuɗin ɗan siyasa ma guba ne: wanda ya biya kujeru da lemo, gobe ba za a iya sukar manufarsa ba. Karo-karon mambobi ya wadatar. In zance ya karkata zuwa jam'iyya ko saɓanin aƙida, shugaba ya dawo da shi kan takarda nan take.

A ɗauki bidiyo a sa a Facebook?

Ba tare da yardar kowa ba, a'a. Guntun minti ɗaya da aka yanko daga tsakiyar hujja yana iya jawo wa mutum zagi da zargi, daga nan kowa zai riƙa tauna maganarsa har ta rasa ɗanɗano. Taƙaitawar magatakarda, bayan mai gabatarwa da mai sharhi sun duba ta, ita ya kamata a fitar.