Jawabin Shugaba Carter na 1979 kan man fetur da sanyin gwiwar Amurkawa

A daren Lahadi, 15 ga Yulin 1979, shugaban Amurka na 39, Jimmy Carter, ya yi wa 'yan ƙasarsa jawabi ta talabijin daga ofishinsa da ke Fadar White House. Jama'a sun zaci zai tsaya kan ƙarancin man fetur da ya addabi ƙasar, sai ya ce musu ciwon ya wuce na mai: Amurkawa ne suka daina yarda da kansu, da gwamnatinsu, da gobensu. Jawabin na cikin waɗanda aka fi yi wa sharhi a tarihin siyasar Amurka, domin ya haɗa abubuwa uku da shugabanni ba su cika haɗawa a zama ɗaya ba, wato makamashi, dogaro da ƙasashen waje, da alhakin da ke wuyan kowane mutum. Abokan adawa sun laƙaba masa sunan jawabin "malaise", kalmar da ke nufin kasala da rashin kuzari, ko da yake Carter bai furta ta ko sau ɗaya a cikinsa ba.

Yadda aka kai ga jawabin

Tun a 1973 Amurka ta ɗanɗana kuɗarta, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar mata da shi saboda goyon bayan da ta bai wa Isra'ila a yaƙin watan Oktoba. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Shugaba Richard Nixon ya yi alkawarin cewa kafin 1980 ƙasar za ta wadatu da makamashinta, alkawarin da bai je ko'ina ba.

Carter ya hau mulki a Janairun 1977, kuma bai yi mako biyu cikakku ba ya bayyana a talabijin sanye da rigar sanyi, yana roƙon mutane su rage zafin na'urar ɗumama gidajensu. A ranar 18 ga Afrilun shekarar ya kwatanta ƙoƙarin da ake buƙata da na yaƙi, ya aro furucin "moral equivalent of war" daga masanin falsafa William James. Masu ba'a suka lura cewa haruffan farko na kalmomin furucin, idan aka jera su a Turanci, kukan kyanwa suke bayarwa, wato "meow". A shekarar ce kuma aka kafa Ma'aikatar Makamashi, aka ɗora James Schlesinger a kanta.

Juyin juya halin Iran ne ya sake dagula lissafi. Sarkin Iran ya bar ƙasar a Janairun 1979, man da take fitarwa ya ragu ƙwarai, farashi ya yi sama. Kafin tsakiyar shekara dogayen layuka sun cika gidajen mai, wasu jihohi irin su Kalifoniya suka raba ranakun shan mai bisa lambar ƙarshe ta mota. A garin Levittown na jihar Pensilbaniya har tarzoma aka yi a watan Yuni. Hauhawar farashi ta haura kashi 10 cikin 100, ga kuma hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island da ya faru a watan Maris bai bar zukata ba.

Bayan dawowar Carter daga taron manyan ƙasashe bakwai a Tokyo, an tsara zai yi jawabi ranar 5 ga Yuli. Ya soke shi ba tare da wani bayani ba, ya tare a Camp David, wurin hutawar shugabannin Amurka, kusan kwana goma yana karɓar baƙi: gwamnoni, 'yan majalisa, malaman addini, shugabannin ƙwadago, masana tattalin arziki, fiye da mutum 100. Cikinsu har da matashin gwamnan Arkansas, Bill Clinton. Mai yi masa nazarin ra'ayin jama'a, Patrick Caddell, shi ya dage cewa a taɓo halin da zukata ke ciki. Mataimakin shugaban ƙasa Walter Mondale kuwa ya ƙi amincewa, yana ganin mutumin da ya wuni a layin mai ba wa'azi yake jira ba.

Abin da ya faɗa

Carter ya buɗe da karanto sukar da aka yi masa a Camp David, abin da ba a saba ji daga bakin shugaba ba. Ɗaya daga ciki ta wani gwamna ce daga kudancin ƙasar, wanda ya ce masa ba jagorancin al'umma yake yi ba, gwamnati kawai yake juyawa. Daga nan ya bi sawun inda gwiwa ta fara sanyi: kashe John Kennedy da Robert Kennedy da Martin Luther King, yaƙin Biyetnam, badaƙalar Watergate da ta ci kujerar Nixon, da shekarun da darajar dala ta yi tana zaizayewa. Ya ce a karon farko mafi yawan Amurkawa na ganin shekaru biyar masu zuwa za su fi na baya muni. Wurin da aka fi ambato shi ne inda ya ce an koma auna mutum da abin da ya mallaka maimakon abin da yake aikatawa, kuma tara kaya ba ya cike gurbin rayuwar da ba ta da manufa.

Sai a kashi na biyu ya zo kan mai. Ya yi alkawarin cewa Amurka ba za ta sake shigo da man da ya wuce na 1977 ba, kuma za a rage shigowar da rabi kafin ƙarshen shekarun 1980. Ya nemi a zuba kuɗi wajen tatso mai daga kwal da duwatsu, a samu kashi 20 cikin 100 na makamashin ƙasar daga rana kafin shekarar 2000, kamfanonin lantarki su rage ƙona mai da rabi, a kuma ƙara dala biliyan 10 a harkar sufurin jama'a. Kuɗin zai fito ne daga haraji kan ribar da ta faɗo wa kamfanonin mai saboda tashin farashi. Ga talaka kuma ya ce a daina tafiyar da ba ta zama dole ba, a riƙa haɗuwa a mota ɗaya, a ajiye mota ƙarin kwana ɗaya a mako, a kiyaye dokar gudu. Duk wani tsimi irin wannan, in ji shi, kishin ƙasa ne.

Martani da sharhi

Abin da ake yawan mantawa shi ne jawabin ya karɓu da farko. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna farin jininsa ya ƙaru da kusan maki 11, wasiƙun yabo suka yi ta kwarara Fadar. Carter da kansa ya ɓata rawarsa da tsalle. Kwana biyu bayan jawabin ya nemi dukkan ministocinsa su miƙa takardar murabus, ya karɓi ta biyar, ciki har da Schlesinger da ministan kuɗi Michael Blumenthal da ministan lafiya Joseph Califano. Jama'a suka ɗauki abin a matsayin ruɗewa, ribar da ya samu ta zube cikin 'yan kwanaki. (A wannan sauye-sauyen ne kujerar shugaban babban bankin ƙasar ta zama fanko, aka naɗa Paul Volcker, wanda daga baya ya karya lagon hauhawar farashi.)

Masu suka sun ce shugaba ya kasa, sai ya juya laifin kan waɗanda suka zaɓe shi. Sanata Edward Kennedy, da ya nemi ƙwace masa takarar jam'iyyar Democrat, ya riƙe wannan zargi, Ronald Reagan, ɗan takarar jam'iyyar Republican, kuma ya fi kowa cin moriyarsa. A jajibirin zaɓen 1980 Reagan ya ce shi bai ga wata kasala a jikin Amurkawa ba. Ya lashe jihohi 44. Wannan karatu bai yi wa jawabin cikakken adalci ba, domin Carter ya fara da nasa laifin da na gwamnati kafin ya taɓa kowa. Amma masu sukar ba su yi ƙarya ba da suka ce rabin farko da rabin ƙarshe ba su haɗu sosai ba: wanda aka ce masa ruhinsa ne ba lafiya, da wuya ya gamsu cewa maganin shi ne tatso mai daga kwal.

Daga baya wasu masana tarihi, irin su Andrew Bacevich, sun karanta shi a matsayin jawabin siyasar waje. Hujjarsu ita ce ƙasar da ba ta iya rage shan mai ba, dole ta tsare inda man yake fitowa da bakin bindiga. Abin da ya biyo baya ya ba su abin kafa hujja. A Nuwamban 1979 ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, inda aka riƙe mutum 52 tsawon kwana 444, a Disamba kuma Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan. Ranar 23 ga Janairun 1980, wata shida kacal bayan kiran tsimi, Carter ya shaida wa majalisa cewa duk wata ƙasar waje da ta nemi mamaye yankin Tekun Fasha za a tunkare ta ta kowace hanya, har da ƙarfin soja. Rundunar ko-ta-kwana da aka kafa a lokacin ita ta rikiɗe ta zama babbar rundunar Amurka mai kula da Gabas ta Tsakiya a 1983.

Abin da ya rage daga shirin

Farashin mai ya faɗi warwas a 1986, yawancin shirin ya bi shi. An rufe hukumar da aka kafa domin tatso mai daga kwal, an soke harajin ribar a 1988, farantan dumama ruwa da hasken rana da Carter ya kafa a rufin Fadar a Yunin 1979 aka sauke su a 1986. Alkawarin kada man da ake shigowa da shi ya wuce na 1977 bai tsaya ba: zuwa 2005 kusan kashi 60 cikin 100 na man da Amurka ke sha daga waje yake zuwa. Shugabannin da suka biyo baya sun yi ta maganar makamashi, amma suna kaffa-kaffa da neman sadaukarwa daga masu zaɓe. A 2001 mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya ce tsimi na iya zama kyakkyawar ɗabi'a ga mutum, amma bai isa a gina manufar ƙasa a kansa ba. Shugaba George W. Bush ya amsa a 2006 cewa Amurka ta kamu da jarabar mai, sai dai maganin da ya kawo na fasaha ne. A 2020 man da ƙasar ta fitar ya zarce wanda ta shigo da shi, karon farko tun aƙalla 1949, kuma hakan ya samu ne musamman ta sabuwar dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa a jihohi irin su Texas da Dakota ta Arewa.