Waiwaye: Yadda Wa'adin Jira Ya Koma Wuyan Mai Rubuta Manhaja

Duk manhajar da ke magana da sabar, wato kwamfutar da ke amsa buƙatu ta intanet, tana fama da wata tsohuwar tambaya: idan ka aika saƙo ka ji shiru, yaushe za ka haƙura? Wahalar ita ce shirun ba ya faɗin dalilinsa. Ko saƙon ya ɓace a hanya, ko sabar ta mutu, ko tana nan lafiya aiki ne ya sha mata kai, ko kuma ta amsa, amsar ce ta salwanta. A wurin mai jira duk kamarsu ɗaya.

Takardar RFC 793 ta watan Satumban 1981, wadda Jon Postel ya tace, ɗaya daga jerin takardun RFC masu bayyana ƙa'idojin intanet, ita ce ta shimfiɗa ƙa'idojin TCP, tsarin da kwamfutoci ke bi su ƙulla haɗi su aika wa juna bayanai. Ta ba mai amfani damar sa wa'adinsa, in bai sa ba kuma minti biyar ne. A wancan zamani wannan ba abin mamaki ba ne. Kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike ne a girke wuri guda, kuma burin masu tsarin shi ne haɗi ya rayu ko da wata na'ura a tsakiyar hanya ta faɗi ta tashi. Da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da tsarin aikin kwamfuta 4.2BSD a 1983, shekarar da ARPANET, magabaciyar intanet, ta koma kan TCP/IP, soket, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata kwamfuta, ya zo da wannan halin haƙuri. Ka kira connect, umarnin neman haɗi, manhajarka ta tsaya cak har sai tsarin aikin kwamfutar ya dawo da labari, kuma babu gurbin rubuta wa'adi a cikin kiran. BSD kan jira daƙiƙa 75. Wanda ba zai iya wannan zaman ba sai ya yi zagaye: ya hana soket ɗin tsayar da aiki, sannan ya sa wani umarni mai suna select ya riƙe masa agogo. Har yau masu rubuta manhaja da harshen C haka suke yi.

Sai abin da ya faru a watan Oktoban 1986. Cunkoso ya durƙusar da intanet, har gudun bayanai tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi, tazarar yadi 400 kacal, ya faɗo daga bit dubu 32 a daƙiƙa zuwa bit 40. Babban abin da ya dagula lamarin shi ne rashin haƙurin na'urori: da sun ji shiru sai su sake aikawa, su ƙara wa hanyar da ta riga ta toshe kaya. Van Jacobson ya bi diddigin matsalar, ya fitar da maganinta a 1988: a riƙa auna tsawon zuwa da dawowar saƙo da yadda yake sauyawa, kuma duk lokacin da aka ji shiru a ninka jiran kafin a sake gwadawa. RFC 1122 ta 1989 ta mai da wannan doka. Ita ce kuma ta ce saƙon "kana nan?" da ake turawa a haɗin da ya yi shiru ya kasance a kashe sai an kunna shi, kuma tazararsa ta asali kada ta gaza awa biyu.

Awa biyu! Kuma Linux na nan a kan wannan adadi, daƙiƙa 7200. A 2011 RFC 6298 ta rage jiran farko kafin a sake aikawa daga daƙiƙa uku zuwa ɗaya, amma ninkawar na nan: Linux ya daɗe yana sake neman haɗi sau shida, jimilla kusan daƙiƙa 127, Windows kuma ya daɗe a kan kusan 21. Idan haɗin ya riga ya ƙullu sannan ɗaya ɓangaren ya ɓace, Linux kan kai kimanin minti 15 yana sake turawa. Mafi muni shi ne manhajar da ba ta da abin aikawa, amsa kawai take saurare. Ita babu agogon da ke ƙirga mata komai, tana iya zama har a kashe ta.

Waɗannan alƙaluma ba kuskure ba ne, don kare hanya aka yi su, ba don mutumin da ke kallon waya ba. Laifin da nake gani na harsunan rubuta manhaja ne, da suka yi nawa wajen cike giɓin. Java sai a sigar 1.4 ta 2002 ya ba da damar sa wa'adi a connect. Python ya samu nasa, settimeout, a sigar 2.3, cikin 2003. Da damar ta zo kuma, sai aka bar ta a kashe: a Java sifili na nufin jira ba iyaka, requests, kayan aikin Python na aika buƙata ga sabar, ba ya sa wa'adi sai ka sa, haka ma takwaransa http.Client na harshen Go ba shi da wa'adin buƙata gaba ɗayanta. Sabon ɗalibi zai kwafi misali, ya gwada a kwamfutarsa, ya ga komai lafiya, domin sabar da ke kusa ba ta yin shiru.

A halin nan duniya ta sauya. Waya na tsallakawa daga wannan eriya zuwa waccan, daga Wi-Fi zuwa data. Na'urorin NAT da ke tsakiya, masu barin na'urori da yawa su yi tarayya a adireshin intanet ɗaya, suna goge haɗin da ya yi shiru ba tare da sun sanar da kowa ba. RFC 5382 ta ce kada su yi haka ƙasa da awa biyu da minti huɗu, amma ta AWS, kamfanin hayar sabar na Amazon, daƙiƙa 350 take bayarwa. Ashe kafin saƙon "kana nan?" na farko ya fita, an daɗe da rufe hanyar. Shi ya sa manhajojin hira ke tura nasu ɗan saƙon a kai a kai. Linux kuma ya ƙara TCP_USER_TIMEOUT a sigar 2.6.37, zaɓin da ke ba manhaja damar ƙayyade tsawon jiran tabbacin isar saƙo.

Zuwan IPv6, sabon tsarin adireshin intanet da ke aiki tare da tsohon IPv4, ya kawo wata dabara dabam. Na'urar da hanyarta ta IPv6 ta lalace kan ɓata daƙiƙoƙi da dama kafin ta koma IPv4, sai aka fito da Happy Eyeballs a 2012, aka sabunta a RFC 8305 ta 2017: gwada adireshi ɗaya, in kwatan daƙiƙa ya wuce ba amsa ka soma na biyu ba tare da ka yanke na farkon ba, wanda ya riga amsawa shi za a bi.

Amma gajarta wa'adi ma yana da nasa cizon. Dubban wayoyi da suka haƙura lokaci guda suka sake bugowa lokaci guda za su ƙarasa sabar da ke ƙoƙarin farfaɗowa, wato 1986 ta dawo a wani mataki. Darasin Jacobson aka sake ɗaukowa, aka ƙara da ɗan jinkirin da kowace na'ura ke zaɓa da ka, don kada su zo tare. Netflix ya saki Hystrix a 2012, kayan aikin manhaja mai daina buga sabar da ta gaza na ɗan lokaci. gRPC kuma, tsarin da sabar ke kiran wata sabar da shi, yana tafiya da wa'adi ɗaya daga sabar zuwa sabar, don kada ta ciki ta ci gaba da wahala a kan buƙatar da mai ita ya riga ya tafi.

Akwai bambancin da har yanzu ake yawan mantawa. Idan wa'adi ya cika tun ba a haɗu ba, babu abin da ya isa can, sake gwadawa ba haɗari. Idan kuwa ya cika bayan an aika buƙata, ba wanda ya san ko an aiwatar. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS, na'ura ta ce ciniki bai yi ba amma alat ɗin cire kuɗi ya shigo, ya san irin wannan yanayi. Masu tsarin biyan kuɗi suna magance shi ta hanyar liƙa wa kowace buƙata lamba ta musamman, ta yadda ko an turo ta sau uku sau ɗaya za a cire, kuma manhajar ta fara tambayar matsayin cinikin kafin ta sake turawa. Inda hakan bai wadatar ba sai doka ta shigo: a 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware cinikin POS ko na intanet da ya gaza daga kwana biyar zuwa awa 72.