Black Sabbath (albam na 1970)

Black Sabbath shi ne albam na farko da wata ƙungiyar kiɗan rock ta Ingila ta fitar, ita ma ƙungiyar sunanta ke nan, haka kuma waƙar da ta buɗe faifan, wato suna ɗaya abu uku. Kamfanin Vertigo ne ya sake shi a Birtaniya ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da Turawa suke camfawa da rashin sa'a, sannan Warner Bros. ya fitar da shi a Amurka a watan Yuni na wannan shekarar. Masu bin tarihin kiɗa da dama suna cewa daga nan ne salon da ake kira heavy metal ya faro, duk da dai lokacin da ya fito masu sharhi ba su ga komai a cikinsa ba.

Su huɗu ne, dukkansu yaran Birmingham, ɓangaren Aston, unguwar ma'aikatan masana'antu: Ozzy Osbourne ke rera waƙa, Tony Iommi a kan jita, Geezer Butler a kan jitar bes kuma shi ke rubuta yawancin baitocin, sai Bill Ward mai ganguna. Da farko Earth suke amsawa, sai suka gano ashe akwai wata ƙungiyar mai wannan sunan, shi ne suka canza a 1969.

Yadda aka naɗe shi

A rana ɗaya aka naɗi albam ɗin, 16 ga Oktoban 1969, a situdiyon Regent Sound da ke Landan, furodusa kuma Rodger Bain. Kusan awa 12 kawai. Ba wata dabara, waƙoƙin da suka saba kaɗawa a kulob-kulob na Ingila da Jamus su suka shiga suka kaɗa a tare kamar suna gaban jama'a, ɗan abin da aka ƙara daga baya kaɗan ne, irin su ƙarar ruwan sama da tsawa da kararrawar coci da ake ji a farkon faifan. Washegari ma suka kama hanyar Suwizalan domin suna da wasa a can, ba su tsaya an haɗa sautin da su ba.

Batun hannun Iommi ba a raba shi da sautin nan. Yana da shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma shi bahago ne, ke nan da wannan hannun yake danne tsirkiya. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun wani irin murfi ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da tsirkiya sirara wadda ba ta da wuyar dannawa. Mutane da yawa suna ɗauka tun a wannan albam ɗin ya sassauta tsirkiyar jitarsa sosai don sautin ya yi ƙasa, amma wannan sai a albam na 3, Master of Reality na 1971. Nauyin da ake ji a na farkon ya fito ne daga jan kiɗan a hankali, da yadda bes ke bin sawun jita ƙafa da ƙafa, da wata tazarar sauti mai sa tsigar jiki tashi wadda Turawa ke yi wa laƙabi da sautin shaiɗan. Ana cikin naɗin ma jitarsa Fender Stratocaster ta samu matsala, dole ya ɗauki Gibson SG da ya ajiye a matsayin ko-ta-kwana, ita ce kuma ta zama jitar da aka san shi da ita har yau.

Hoton bangon an ɗauke shi ne a wani tsohon injin niƙa mai aiki da ruwa a Mapledurham, bakin kogin Thames, da wata mata sanye da baƙaƙen kaya tana tsaye. A ciki kuma kamfanin ya sa gicciye a kife ba tare da ya shawarci mawaƙan ba, abin da ya jawo musu zargin bautar shaiɗan na shekaru, alhali Butler a gidan 'yan Katolika ya tashi, kuma waƙar farkon labarin mutum ne da tsoro ya kama yana kiran Allah ya cece shi.

Karɓuwa a da da yanzu

'Yan jarida kam sun yi masa kaca-kaca. Lester Bangs a mujallar Rolling Stone ya kwatanta su da ƙungiyar Cream ya ce ba su kai ba. Matasa ba su saurari wannan ba, albam ɗin ya kai na 8 a jadawalin ciniki na Birtaniya, na 23 a na Billboard a Amurka, kuma kafin shekarar ta ƙare sun fitar da na biyu, Paranoid, a watan Satumba.

Wanda ya koma ya saurare shi yanzu zai ji cewa rabinsa blues ne zalla, wato tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, har Ozzy yana busa hamonika a waƙar The Wizard, Ward kuma dukan gangarsa ya fi kama da na 'yan jazz. Waƙoƙi biyu ma ba nasu ba ne, Evil Woman ta ƙungiyar Crow ce ta Amurka, Warning kuma ta ƙungiyar Aynsley Dunbar Retaliation, ita wannan ta wuce minti 10 kuma gaskiya akwai inda jitar take ta yawo ba alkibla, ɓangaren farko na faifan ya fi na biyun ƙarfi nesa ba kusa ba. A bugun Amurka an cire Evil Woman an sa Wicked World a madadinta, shi ya sa in mutum biyu suna gardama a kan albam ɗin wani lokacin ba faifai ɗaya suka ji ba.

Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka sake hawa dandamali tare a filin wasa na Villa Park da ke Aston, wasan ban-kwana, Ozzy yana zaune a kujera saboda cutar Parkinson. Waƙoƙi 4 suka yi, guda ɗaya ce kawai daga albam na farko, N.I.B., sauran ukun daga Paranoid. Ozzy ya rasu ranar 22 ga watan, yana da shekara 76.