Lulluɓe gona da busasshen kara: da gaske yana hana ciyawa fitowa?

Ta yaya kara ko ganyen da ya bushe zai hana ciyawa tsirowa?

Maganar haske ce. Ƙwayoyin irin ciyayi da yawa ƙanana ne ƙwarai, kuma ba sa tsirowa sai haske ya taɓa su. In aka shimfiɗa karan dawa, karan masara, ɓuntun shinkafa ko busassun ganyaye a kan ƙasa, sai irin ya ci gaba da kwanciyarsa. Wanda ya yi ƙarfin hali ya tsiro kuwa, abincin da ke cikin ƙwayarsa kan ƙare kafin ya leƙo sarari. Ka ɗaga shimfiɗar bayan mako biyu ka gani: za ka tarar da 'yan tsirrai farare fat, sirara kamar zare, sun lanƙwashe. Dawa ma tana da ƙarin amfani, domin ragowarta na fitar da wasu sinadarai masu danne tsiron ƙananan iri.

Kauri nawa ake so?

A nan mutane suka fi kuskure. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasa a tsarin noma mai kare ƙasa, amma wannan bai isa ya danne ciyawa ba. Ita sai an yi kaurin santimita 5 zuwa 10, ba tare da ana hango ƙasa ba. Shimfiɗa 'yar kaɗan, a ganina, gara babu: danshi kawai za ta riƙe wa ciyawar ta ji daɗin girma.

Yaushe ake zubawa?

Bayan shuka ta fito an yi noman farko, ƙasa na da danshi. A bar 'yar tazara a gindin shukar don kada ya ruɓe.

Duk ciyawa yake hanawa?

Ina! Aya-aya, kiri-kiri da tofa daga saiwa suke tasowa, da guzurinsu a ƙarƙashin ƙasa, don haka sukan huda shimfiɗar su fito. Su sai an haƙe.

To matsalarsa fa?

Ciyawar da ta riga ta yi iri, in ka yanko ta ka shimfiɗa, da hannunka ka shuka ta. Gara da ɓera kuma sukan samu mafaka. Sannan kada a cuɗa garin katako ko karan da bai ruɓe ba cikin ƙasa: ƙananan halittun da ke ruɓar da shi za su janye sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata na ɗan lokaci, ganyen shuka ya yi rawaya. A bar shi a sama, in ya lafa a ƙara wani.