Makaranta da Rigakafin Cutar Ƙanjamau: Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga shekarar 1986 da aka fara ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Najeriya, mafi yawan mutane suna kallon yaƙi da ita a matsayin aikin likitoci da ma'aikatan jinya. Amma mai zuwa asibiti sau da yawa ya riga ya kamu, alhali yaron da ke zaune a aji yana nan lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne ake so ya girma bai haɗu da ita ba. Ga wasu tambayoyi da iyaye da malamai kan yi game da wannan batu, tare da amsoshinsu.

Mene ne ya haɗa makaranta da cutar da aka san maganinta a asibiti yake?

Abin da ya haɗa su shi ne shekarun ɗalibai. Yaran da ke tsakanin shekara 5 zuwa 14 su ne rukunin da cutar ta fi ƙaranci a cikinsu, domin in ban da waɗanda suka same ta daga uwa a lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa, ba su kai ga hanyoyin da aka fi kamuwa da ita ba. Saboda haka ne Bankin Duniya, a wani rahoto na shekarar 2002, ya ɗauki waɗannan shekaru a matsayin damar da bai kamata a bari ta wuce ba. Babu kuma wata hukuma da ke tara yara masu waɗannan shekaru kwana biyar a mako, shekara bayan shekara, a gaban babban mutumin da suke jin maganarsa, in ba makaranta ba. Har yau ba a samu allurar rigakafin da ke ba jiki garkuwa mai ɗorewa daga wannan cuta ba, kuma magungunan da ake bayarwa suna danne ƙwayar cutar ne ba tare da sun kawar da ita daga jiki ba, don haka kare wanda bai kamu ba shi ne jarin da ya fi kowane riba.

Shin akwai hujjar cewa zaman yaro a makaranta shi kansa yana rage kamuwa da cutar?

Akwai, kuma a ganina wannan ita ce magana mafi nauyi a cikin batun gaba ɗaya, duk da cewa ita ce aka fi mantawa da ita idan gardama ta kaure a kan abin da za a sa a manhaja. A shekarar 1996 ƙasar Botswana ta sauya tsarin karatunta, ta mayar da aji na goma cikin ƙaramar sakandare, wanda hakan ya sa yara da yawa suka ƙara shekara guda a makaranta ba tare da sun yi niyya ba. Daga baya masu bincike suka kwatanta waɗanda sauyin ya shafa da waɗanda suka riga shi wucewa, suka wallafa sakamakon a shekarar 2015. Sun gano cewa kowace shekara guda da aka ƙara a sakandare ta rage yiwuwar kamuwa da cutar da kimanin kashi 8 cikin ɗari, wato daga wajen kashi 25 zuwa 17, a inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka bincika ke ɗauke da ita. Abin lura shi ne wannan shekarar da aka ƙara ba ta darasin ƙanjamau ba ce, karatu ne na yau da kullum, lissafi da kimiyya da harshe.

A gundumar Zomba ta ƙasar Malawi kuma an gwada wata dabara, inda aka riƙa bai wa 'yan mata 'yan makaranta da iyayensu ɗan kuɗi duk wata. Bayan wata 18, an samu cutar a jikin kashi 1.2 cikin ɗari na waɗanda ke karɓar kuɗin, a yayin da ta kai kashi 3 cikin ɗari a tsakanin waɗanda ba su karɓa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan matan da suka samu tallafin sun rage mu'amala da mazan da suka girme su nesa ba kusa ba, waɗanda su ne suka fi yiwuwar ɗauke da cutar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota da yamma ya ga yarinya 'yar shekara goma sha uku da farantin gyaɗa a ka, tana kewaya tsakanin direbobi da 'yan kamasho, an kuma ce mata kada ta koma gida sai ta sayar duka, ya san irin haɗarin da ake nufi. Yarinyar da ke cikin aji a wannan lokaci ta tsira daga wannan wuri, kuma ranar da ta gama karatu tana da bakin da za ta ce a yi gwaji kafin aure, tana iya karanta takardar asibiti da kanta, tana kuma da hanyar neman na kanta ba tare da ta miƙa hannu ga wanda zai nemi wani abu a madadin taimakonsa ba.

Me ake koyarwa a makarantun Najeriya game da cutar?

Akwai manhajar da ake kira ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau, wadda hukumar tsara manhajoji ta ƙasa, wato NERDC, ta shirya tare da wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu, aka kuma fitar da ita a shekarar 2003. Da farko sunanta yana ɗauke da kalmar jima'i, amma da malaman addini da iyaye suka nuna rashin amincewa, sai aka sauya sunan, aka rage wasu sassa, aka kuma bai wa kowace jiha damar daidaita ta da al'adar mutanenta. Ba a ware mata darasi na musamman ba, an cusa ta ne a cikin darussan da ake da su, musamman kimiyya da nazarin zamantakewa a ƙaramar sakandare. Tana bayani a kan sauye-sauyen jiki lokacin balaga, da hanyoyin da cutar ke bi, da yadda yaro zai ƙi abin da bai dace ba, kuma kamewa ce ginshiƙin saƙonta. Ban da ita, an daɗe ana horar da masu yi wa ƙasa hidima domin su koyar da zaɓaɓɓun ɗalibai a makarantun da aka tura su, su kuma ɗaliban su isar da saƙon ga 'yan uwansu.

Sai dai abin da ke rubuce a manhaja daban, abin da ke faruwa a aji daban. Malami kan zo daidai wannan babi, ya dubi ɗalibai, ya tuna cewa a cikinsu akwai 'yar maƙwabcinsa, sai kunya ta kama shi, ya ce kowa ya je ya karanta a gida, ya wuce babi na gaba. Ba za a ɗora masa laifin duka ba, domin shi ma ba a horar da shi yadda zai faɗi waɗannan abubuwa da kalmomin da ba su zubar da mutuncinsa ba. Har a matakin gwamnati ma ba a gama daidaita magana ba, domin a watan Nuwamba na 2022 ministan ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire darasin jima'i daga manhaja, yana mai cewa wannan tarbiyya aikin iyaye ne da malaman addini, abin da ya jawo muhawara mai zafi a faɗin ƙasar.

To, ba buɗe wa yara ido za a yi ba idan aka koya musu irin waɗannan abubuwa?

Wannan tsoro na iyaye ya cancanci a saurare shi da mutunci, domin daga ƙauna da kishin tarbiyya ya fito. Amma binciken da hukumar UNESCO ta tattara daga ƙasashe da dama, ta fitar a shekarar 2009 ta kuma sabunta a 2018, ya nuna cewa darasin da aka tsara daidai da shekarun yaro ba ya sa shi gaggawar fara abin da ake tsoro, hasali ma a wurare da yawa jinkirtawa yake sa shi yi. Kuma maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A makarantar Islamiyya yarinya kan karanta hukuncin haila da alamomin balaga da wankan janaba a littattafan fiƙihu, malama ta yi mata bayani dalla-dalla cikin ladabi, ba wanda ya taɓa cewa an ɓata ta. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne wane ne zai koyar, da wane harshe, kuma a wane aji. Idan malama mace ta zauna da 'yan mata, malami namiji ya zauna da samari, aka kuma nuna wa ƙungiyar iyaye da malamai abin da za a koyar tun kafin a fara, rabin rigimar ta ƙare. Yaron da aka hana wa amsa a aji kuwa ba ya daina tambaya, wayar abokinsa ce za ta ba shi amsa.

Ya kamata a tuna kuma cewa wani ɓangare babba na darasin bai shafi kwanciya ba sam. Reza ɗaya da ɗalibai biyar ke fiƙe fensir da ita, sannan su yanke farce, da askar wanzami da ba a tsabtace ba tsakanin kai da kai ko wajen kaciya da ƙaho, da allurar da mai kemis ya yi wa wani ya sake yi wa wani, duk abubuwa ne da ɗan firamare zai fahimta ya kuma kai labari gida.

Idan an koyar da darasin yadda ya kamata, shi ke nan an gama?

A'a. A yankin Mwanza na ƙasar Tanzaniya an gudanar da wani babban gwaji a makarantun firamare, inda aka horar da malamai sosai suka koyar da darasin shekaru da dama. Ilimin yaran game da cutar ya ƙaru ƙwarai, amma da aka auna jininsu daga baya, ba a ga bambanci a yawan kamuwa tsakaninsu da waɗanda ba a koya wa ba. Sani ba ya amfanar yarinyar da ba ta da ikon cewa a'a, ko wadda yunwa ta tilasta. A yammacin Kenya kuwa, da aka faɗa wa 'yan mata magana ɗaya tak mai kama hankali, cewa manyan maza sun fi samari sa'anninsu yawan ɗauke da cutar, sai ɗaukar ciki a tsakaninsu ya ragu da kashi 28 cikin ɗari. A yankin dai an ga cewa raba kayan makaranta kyauta ya rage barin karatu da auren wuri. Abin da waɗannan gwaje-gwaje ke nunawa shi ne darasi yana aiki idan ya taɓa ainihin halin da yaro ke ciki, kuma idan akwai abin da zai riƙe shi a makarantar. Dole kuma makarantar ita kanta ta zama wurin aminci, domin malamin da ke neman ɗalibarsa da alkawarin maki ya rushe duk abin da aka koyar, kuma rufa masa asiri ta hanyar sauya masa wurin aiki zalunci ne ga 'ya'yan mutanen da aka tura shi cikinsu.

An ce cutar ba ta da yawa a Arewa, me ya sa za a damu?

Gaskiya ne cewa babban binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi ƙaranci da kashi 0.6, a yayin da Kudu maso Kudu ke da kashi 3.1. Amma ƙaramin kaso a yankin da ke da miliyoyin jama'a dubban mutane ne masu yawa. Binciken ya kuma nuna cewa a tsakanin masu shekara 20 zuwa 24, mata sun ninka maza fiye da sau uku wajen kamuwa, kuma yankinmu ne ya fi yawan 'yan matan da ba sa kammala sakandare. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ga yawan saki da sake aure, mutum ɗaya da bai san matsayinsa ba zai iya shafa wa gida guda. Wannan ne ya sa Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024, kuma matashin da ya fahimci amfanin gwajin tun yana makaranta ba zai je neman takardar bogi ba ranar da aurensa ya zo.

Yaya ya kamata makaranta ta yi da ɗalibin da ke ɗauke da cutar?

Ta bar shi ya yi karatunsa kamar kowa, ta kuma riƙe sirrinsa. Cutar ba ta bin zama a benci ɗaya, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko banɗaki, ko cizon sauro. A shekarar 1997 wata makarantar firamare a birnin Johannesburg ta yi jinkirin karɓar wani yaro mai suna Nkosi Johnson saboda wasu iyaye sun ƙi yarda ya zauna da 'ya'yansu. Maganar ta girma har ta taimaka wajen sauya manufofin makarantun Afirka ta Kudu, shi kuma ya tsaya gaban babban taron duniya kan cutar a Durban a shekarar 2000 ya roƙi a karɓi irinsu a matsayin mutane, kafin ya rasu a 2001 yana da shekara 12. A Najeriya ma dokar hana tsangwama ta shekarar 2014 ta haramta nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda yana ɗauke da cutar.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne makarantar kwana. Yarinyar da aka haifa da cutar dole ta sha maganinta kowace rana a kan lokaci, amma a ɗakin da mutum arba'in ke kwana sai ta juye ƙwayoyin a cikin wani gwangwani, ta jira kowa ya yi barci, wani lokacin ma ta tsallake shan maganin don gudun a tambaye ta. Tsallakewar nan ce ke bai wa ƙwayar cutar damar bijire wa magani. Shugabar makaranta mai hankali za ta zaɓi malama ɗaya amintacciya ta ajiye maganin a wurinta, ta ba yarinyar izinin zuwa asibiti ba tare da dogon bincike ba, ta kuma hana kalmomi irin su “kabari kusa” a harabar makarantar. Idan wani yaro ya ji rauni a filin wasa, ƙa'ida ɗaya ce ga kowa: a sa safar hannu, a wanke, a rufe ciwon, ba tare da an tambayi jinin wane ne ba.

Yaran da ba sa zuwa makarantar boko fa?

Su ne suka fi buƙata, kuma yawansu ya haura miliyan goma bisa ƙiyasin UNICEF, mafi yawansu a Arewa. Almajirin tsangaya da ke zuwa wurin mai yankan farce a bakin kasuwa, da 'yar talla, da yaron shago, duk suna da malamin da suke durƙusa wa. Idan hukumomin yaƙi da cutar na jihohi suka zauna da alarammomi da shugabannin Islamiyyu da na makarantun dare na matan aure, suka ba su bayanin da Hausa da kuma ajami, saƙon zai shiga zauren da jami'in lafiya bai taɓa takawa ba, kuma zai fito ne daga bakin wanda iyayen yaran suka riga suka yarda da shi.