Kisan Jean Charles de Menezes

Jean Charles de Menezes (7 ga Janairu 1978 zuwa 22 ga Yuli 2005) ɗan ƙasar Birazil ne, mai gyaran wutar lantarki, wanda ƴan sandan Landan suka harbe har lahira cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Stockwell, suna zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Ba ya ɗauke da makami, babu kuma abin da ya haɗa shi da ta'addanci. Yana da shekara 27. Abin da ya sa sunansa bai ɓace ba shi ne abin da ya biyo bayan jana'izarsa: babu jami'i ko ɗaya da aka gurfanar ko aka ladabtar kan kisan, kwamandar da ta jagoranci aikin kuwa ta yi ta samun ƙarin galo har ta zama shugabar rundunar baki ɗaya.

Asalinsa

An haife shi a Gonzaga, cikin jihar Minas Gerais. Ya shiga Birtaniya a 2002 don neman na kansa, ya zauna a kudancin Landan tare da ƴan uwansa.

Ranar 22 ga Yuli 2005

Ranar 7 ga Yuli 2005 ƴan ƙunar baƙin wake huɗu suka kashe mutum 52 a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata motar bas ta Landan. Bayan mako biyu, ranar 21 ga wata, wasu suka sake gwadawa, bama-bamansu suka ƙi tashi, suka tsere. Cikin jakar da ɗayansu, Hussain Osman, ya yar, aka tsinci katin wani gidan motsa jiki da ya kai ƴan sanda ga lamba 21, Scotia Road, a unguwar Tulse Hill. Gidan bene ne mai sassa da yawa da ƙofar shiga guda. De Menezes yana lamba 17, ta wannan ƙofa yake fita.

Tun kafin ƙarfe biyar na asuba Kwamanda John McDowall ya tsara cewa a sa wa gidan ido, duk wanda ya fito a bar shi ya ɗan yi nisa, sannan ƴan bindigar rundunar ƴan sanda su tare shi a tantance. Masu sa ido sun iso. Ƴan bindigar ba su iso ba, har fiye da awa huɗu.

Wajen ƙarfe tara da rabi de Menezes ya fito zai tafi aiki. Jami'in da ke cikin mota da na'urar ɗaukar hoto yana fitsari a daidai lokacin, bai samu ya ɗauki fuskarsa ba. Ya dai ce a rediyo yana da kyau wani ya sake duba mutumin. Daga nan komai ya koma kame-kame. De Menezes ya hau bas mai lamba 2, ya sauka a Brixton, ya tarar an rufe tashar jirgi, ya sake hawa bas ɗin zuwa Stockwell. Masu bin sa suka ɗauki wannan sauka da hawa a matsayin dabarar ɓad da sawu. Wani ya ce da alama shi ne, wani ya ce ba shi ba ne, babu wanda ya tabbatar. Amma kafin maganar ta isa ɗakin ba da umurni na Scotland Yard, hedkwatar ƴan sandan Landan, inda Kwamanda Cressida Dick take, "da alama" ta fara rikiɗewa tana zama "shi ne", ƴan bindigar da ke tahowa a guje kuma suka ce su tabbaci suka ji.

Umurnin da Dick ta bayar shi ne a tsayar da shi kada ya shiga jirgi. A kan wannan kalma aka yi shekaru ana jayayya. Ita ta ce nufinta a tare shi a kama, ba ta ba da izinin harbi ba. Su kuwa ƴan bindigar an horar da su ƙarƙashin wani tsari mai suna Kratos, wanda ya tanadi harbin ɗan ƙunar baƙin wake a ka ba tare da gargaɗi ba, an kuma ba su harsasai masu buɗewa cikin jiki a safiyar.

A tashar, de Menezes ya ɗauki jaridar kyauta, ya taɓa katinsa na biyan kuɗin jirgi, ƙofa ta buɗe, ya sauka, ya shiga tarago ya zauna. Sanye yake da ƴar jaket ta jins marar kauri. Da ƴan bindigar suka shigo ya miƙe, wani jami'in sa ido ya rungume shi, ya danne hannayensa, ya mai da shi kan kujera. Jami'ai biyu suka harbe shi, harsashi bakwai a ka, ɗaya a kafaɗa, jim kaɗan bayan ƙarfe goma. An kama Osman na gaske a birnin Roma ranar 29 ga Yuli.

Abin da aka fara gaya wa jama'a

Da yammacin ranar, shugaban rundunar, Sir Ian Blair, ya ce harbin na da alaƙa kai tsaye da aikin yaƙi da ta'addanci, kuma an yi wa mutumin gargaɗi ya ƙi bi. Labari ya bazu cewa yana sanye da ƙatuwar rigar sanyi, ya tsallake shingen tasha, ya ruga a guje. Washegari rundunar ta amsa cewa ba shi ne ake nema ba, amma labarin riga da tsallake shinge ya ci gaba da yawo har cikin watan Agusta, lokacin da tashar talabijin ta ITV ta fitar da takardun bincike da aka kwarmata mata. Wannan kashi na lamarin ya fi ciwo ga dangi: mamaci ba ya tashi ya kare kansa, an bar shi makonni da laifin mutuwarsa a wuyansa. Blair ya kuma rubuta wa ma'aikatar cikin gida yana neman a dakatar da hukumar IPCC, mai binciken ƙorafi kan ƴan sanda, don haka sai bayan kwana biyar ta karɓi aikin.

An yi cece-ku-ce kan takardun zamansa a ƙasar. Shaidar da aka gabatar daga baya ta nuna yana zaune bisa ƙa'ida a ranar da aka kashe shi.

Bincike da shari'a

A Yuli 2006 ofishin masu shigar da ƙara ya ce babu isasshiyar hujjar tuhumar wani jami'i shi kaɗai. Aka tuhumi rundunar a dunƙule, ƙarƙashin dokar 1974 ta kare lafiya a wuraren aiki, dokar da aka fi sani da shari'ar haɗurran masana'antu. Ranar 1 ga Nuwamba 2007 kotun Old Bailey ta same ta da laifi, aka ci ta tarar fam 175,000, wato miliyan 160 da ɗoriya na sefa a canjin lokacin, da fam 385,000 kuɗin shari'a. Duka daga baitulmali aka biya. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙara da cewa ba su ɗora wa Dick laifi a karan kanta ba.

Zaman binciken musabbabin mutuwa ya buɗe a Satumba 2008 ƙarƙashin Sir Michael Wright, wanda ya hana masu taya shi yanke hukuncin "kisa ba bisa doka ba". Ya bar musu zaɓi biyu: su ce kisan ya halatta, ko su bar maganar a buɗe. Ranar 12 ga Disamba suka bar ta a buɗe, suka kuma ce ba su yarda an yi ihun "ƴan sanda ne, da makami" kafin harbi ba, kamar yadda ɗaya daga cikin jami'an da suka yi harbin ya yi da'awa. Fasinjojin tarago ba su ji wannan gargaɗi ba. A 2009 rundunar ta biya dangi diyya. Ranar 30 ga Maris 2016 kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam, da rinjayen alƙalai 13 kan 4, ta ce Birtaniya ba ta karya doka ba da ta ƙi gurfanar da kowa.

Ƙarin girma

A Satumba 2006, tun ba a shiga kotu ba, aka sanar da ɗaga Dick zuwa matsayin da ke sama da kwamanda. A 2009 aka sake ɗaga ta, a 2010 ta samu lambar yabo ta ƴan sanda daga Sarauniya, a 2011 aka ba ta sashen da ke kula da yaƙi da ta'addanci. A 2017 ta zama shugabar ƴan sandan Landan, mace ta farko a tarihin rundunar, duk da adawar dangin de Menezes. Ta sauka a 2022 bayan magajin gari Sadiq Khan ya janye amincewarsa, a kan wasu batutuwa dabam. McDowall ya shugabanci rundunar yaƙi da ta'addanci daga 2008. Andy Hayman, babban jami'in rundunar mai kula da yaƙi da ta'addanci a lokacin kisan, wanda rahoton IPCC na 2007 ya ce ya ɓad da jama'a, ya riga ya karɓi lambar girmamawa a 2006. Blair ya yi murabus a 2008, ya shiga majalisar dattawa a 2010.

Masu kare wannan suna cewa kotu ta wanke Dick, kuma idan aka hukunta kwamanda kan shawarar daƙiƙoƙi, gobe babu mai karɓar irin wannan aiki. Hujja ce mai nauyi. Sai dai ba ta amsa dalilin gaggawar ƙara galo kafin alƙali ya zauna ba. A gaban mai bincike Dick ta ce a ganinta babu wanda ya yi wani abu ba daidai ba a aikin. Laifin an raba shi ne tsakanin rediyo marar kyau, hoto marar kyau, ɗaki mai hayaniya da makarar ƴan bindiga, har ya zama tuwon gayya, kowa ya sa hannu, babu mai tukunya.

Idan aka duba daga Yamai

Kashe-kashen da Nijar ta sani ba na kuskuren kama ba ne, na zanga-zanga ne, amma tambayar ɗaya ce: wa ya ce a harba? Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, uku suka mutu bisa lissafin hukuma. Jinin ya taimaka wajen buɗe ƙofar jam'iyyu da babban taron ƙasa na 1991, amma ƙungiyar ɗalibai ta USN ta yi shekaru tana fitowa duk ranar 9 ga Fabrairu tana neman a yi shari'a. A Tera, ranar 27 ga Nuwamba 2021, mutum uku suka mutu yayin tare ayarin sojan Faransa mai zuwa Gao. An canja ministan cikin gida da shugaban jandarmomi, binciken bai fayyace bindigar wa ta yi kisan ba, Nijar da Faransa suka raba biyan diyya, miliyan 50 na sefa ga dangin kowane mamaci.

Abin tunawa

A Janairu 2010 aka kafa hotonsa na dindindin, wanda aka haɗa da ƙananan duwatsu masu launi, a bangon tashar Stockwell. A jikinsa akwai wata kalma da manyan haruffa, ma'anarta "marar laifi".